Ranar da Ɗan Dako Ya Yi wa Sarkin Dawa Dariya

 Shekaranjiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Atonsu a Kumasi, motocin haya na trotro na ta wucewa a kan hanyar tafkin Bosomtwe, sai na ji yara sun ɓarke da dariya a gindin mangwaro. Su biyar ne, sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. Na leƙa. Wani ƙaton Bature ne da ɗan bante, ya kama igiyar kurmi, ya kurma ihu, ya taho da lilo kamar zai tashi sama, sai ji kake tim, ya rungumi bishiya da fuska. Ƙaramin cikinsu har da birgima a ƙasa. Na tambaye su ko sun san wa ake kwaikwayo. Shiru. George, ƙaton da ke cikin wayar, suka sani, Tarzan kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin dariyar nan tana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu 'yan Zango fiye da yadda muke zato.

A watan Oktoban 1912 wani Ba'amurke haifaffen Shikago, Edgar Rice Burroughs, wanda ya gwada sana'o'i barkatai ba riba, har da dillancin abin feƙe fensir, ya buga labarin Tarzan of the Apes a mujallar All-Story. A 1914 ya zama littafi. Jaririn wani basaraken Ingila ne iyayensa suka mutu a gaɓar tekun Afirka, wata biranya mai suna Kala ta shayar da shi. Sunan Tarzan ma, a yaren birran da marubucin ya ƙirƙira, ma'anarsa farar fata. Ya girma yana kashe zaki da wuƙa, ya koya wa kansa karatu daga littattafan da iyayensa suka bari, ya zama dodon baƙaƙen fatar da ke ƙauyen kusa. Burroughs ya mutu a 1950 bai taɓa taka ƙasar Afirka ba.

Dajin da ya zana gado ne daga littattafan matafiya irin su Henry Morton Stanley. Stanley ɗin nan ya shigo Kumasi da ƙafarsa a watan Fabrairun 1874, yana wakilin jarida cikin rundunar Janar Wolseley, rundunar da ta cinna wa garin wuta. Shekara 57 kafin haka, a 1817, wani Baturen mai suna Bowdich ya zauna a Kumasi, ya rubuta cewa ya ga birni mai faɗaɗɗun tituna, da fada, da malaman Musulmi masu rubutu da Larabci. Kurmin da ke kewaye da Kumasi shi ne ya ciyar da kasuwar goro da kakanninmu suka yi ta bi daga Kano da Katsina zuwa Salaga, tafiyar watanni da jakuna da kaya a ka. Kurmi mai sarki, mai alƙali, mai ma'aunin zinariya, shi aka mayar kangon da ba kowa sai biri da ɗan Bature.

Fim ya karɓa tun 1918, da Elmo Lincoln, aka ɗauka a fadamun Luwiziyana. Amma Tarzan da duniya ta haddace shi ne Johnny Weissmuller, gwanin ninƙaya mai lambar zinariya biyar a gasar Olamfik, wanda ya fara a 1932 ya yi finafinai 12 zuwa 1948. Giwayen da ke cikin fim ɗin farko na Asiya ne, aka maƙala musu manyan kunnuwa don su yi kama da namu. Ni ba giwar ce ta dame ni ba. Ku duba bayan Turawan, ku ga jerin 'yan dako, ba riga, ba suna, kaya a ka, bulala a baya. A fim ɗin 1932 ayari na hawan wani tsauni, ɗaya daga cikinsu ya zame ya faɗa ƙasa da ihu, tambayar farko da ta fito daga bakin Bature ita ce me ke cikin kayan da ya ɗauko. A na 1934 kuwa wani ɗan dako ya ƙi yin gaba saboda tsoro, aka harbe shi nan take, tafiya ta ci gaba.

Mu da kalmar kaya ta fito daga bakinmu ta shiga bakin Gana duka, har ake kiran 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia kayayei, mun san waye wannan mutumin. Kakan wani ne. Yana da mata, yana da bashin da yake son biya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba ni labarin yadda suke tara 'yan kuɗinsu suna samari su shiga siliman Kumasi, irin su Rex da Roxy. Ya ce in Tarzan ya kurma ihun nan giwaye suka taho suna tattake bukkoki, silima gaba ɗaya take ɗauka da tafi. Da ya tsufa yakan yi shiru in ya zo nan, sannan ya ce, "Ɗana, bukkokin nan fa irin na kakarka ne." Frantz Fanon ya lura da haka a littafinsa na 1952: yaro baƙi a tsibirin Martinik yana kallon Tarzan yana jin shi ne Tarzan, sai ya je silima a Turai idanun 'yan kallo su nuna masa cewa shi ne mutanen bukkar. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, wanda ya bi 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, har da Oumarou Ganda, akwai direban tasi da laƙabinsa Tarzan. Indiya ma da muke ƙauna ta yi nata a 1985, da Hemant Birje da Kimi Katkar.

Masu barkwanci ba su ɓata lokaci ba. Shekara biyu kacal bayan fitowar Weissmuller, Jimmy Durante mai dogon hanci ya fito a matsayin Schnarzan a fim ɗin Hollywood Party. Abbott da Costello suka yi Africa Screams a 1949, ɗan wasan Italiya Totò ya yi nasa a 1950. A 1975 mai zanen Beljiyam, Picha, ya fitar da Tarzoon, zane na manya mai batsa, magadan Burroughs suka maka shi kotu.

Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne George of the Jungle, zanen talabijin da Jay Ward da Bill Scott suka fitar a tashar ABC a 1967. Kashi 17 kawai aka yi, amma ga shi har yau yana yawo. Dabararsu ita ce suka bar wa jarumin ƙirji da ihu, suka cire masa basira. Duk lilon da zai yi a jikin bishiya yake ƙarewa. Yana da giwa mai suna Shep da ya ɗauka kare ce. Mai hankalin gidan shi ne goggon biri, mai karatu, mai magana a natse, shi ke fitar da ubangidansa daga rami. Kun ga an kife labarin Burroughs ke nan: shi ya ce jinin sarautar Ingila ne ya ɗora yaron a kan dabbobi, su kuma suka ce ba don biri ba da sarkin bai kwana ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin wannan dariya ba don mu aka yi ta ba. Sun yi wa jarumin tsirara, amma ɗan dako yana nan inda aka bar shi, yana zare ido, yana gudu, ko an sa masa ƙashi a hanci. A Carry On Up the Jungle na Ingila, 1970, shekara 13 bayan 'yancin Gana, Bature ne, Bernard Bresslaw, aka shafa wa baƙin fenti ya fito a matsayin jagoran ayari. Wanda ya buga tambayar a inda take ciwo shi ne Muhammadu Ali. Ya zo Gana a 1964, ya gana da Nkrumah, ya iso har Kumasi. A 1971, a hirarsa da Michael Parkinson a talabijin ɗin BBC, ya ba da labarin yadda yana yaro yake tambayar mahaifiyarsa dalilin da ya sa sarkin dajin Afirka fari ne, yana magana da dabbobi, alhali mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin ba su iya ba. 'Yan kallo suka yi ta dariya, amma shi da gaske yake.

Fim ɗin da yaran nan suke kallo na 1997 ne, na kamfanin Disney, Brendan Fraser ne George, John Cleese ya ba biri murya, ya kuma tara sama da dala miliyan 170. Ni a kaset na fara ganinsa, a wani gidan bidiyo na katako da labulen buhu, muna zaune a benci gwiwa na gugar gwiwa, fanka ɗaya tana juya zafi. Akwai wani attajirin saurayi mai girman kai, Lyle, da ya biyo budurwarsa daji. Jagoran ayarin sunansa Kwame, Richard Roundtree ne ya fito a matsayinsa, tare da 'yan dako uku masu magana da Suwahili. Da aka ambaci sunan Kwame sai ɗakin ya ɗauki sowa, don ko a bencinmu akwai Kwame biyu.

A kan wata gadar igiya, wautar Lyle ta jefa ɗaya daga cikin 'yan dakon cikin kwazazzabo. Gabana ya faɗi, na tuna ɗan dakon fim ɗin 1932. Sai mai ba da labari ya tsoma baki ya ce ba mai mutuwa a wannan fim. Can sai ga mutumin zaune cikin 'yan'uwansa da bandeji, yana harara, suna zagin Lyle da harshensu a gabansa, shi kuwa yana duba ɗan littafin koyon yare yana kwaɓa. Ya ɗauko kyamararsa mai fitar da hoto nan take yana nuna musu kamar abin tsafi, sai ɗayansu ya sa aka faɗa masa cewa shi ya fi son Leica, kuma gilashin kyamarar tasa ya yi datti. Wani dattijo mai tura baro a kasuwa da ke bayana ya buga cinya ya ce, "Yawwa! Faɗa masa!" Shekara 65 tsakanin faɗuwar nan biyu. Na farko ba a ko tambayi sunansa ba, na biyu ya tashi ya rama da baki.

Bayan shekara biyu Disney ta fitar da zanen Tarzan na 1999, ta kauce wa matsalar ta hanyar share mutanen Afirka daga Afirka baki ɗaya. Ni dai na fi son a bar mu a ciki muna magana.

Kuma ba wani ya koya mana yi wa mai ji da kansa dariya ba. Tun kafin silima, Gizo yake kunyata zaki a tatsuniyar kakanninmu, maƙwabtanmu Asante kuma suna da Kwaku Ananse. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, inda saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye, fim da ke nuna abin da silimar baƙi ke yi wa kan matasa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya gina sana'arsa a kan ɗaukar mai ji da kansa ya sauke shi ƙasa, haka Agya Koo da Lil Win a nan Kumasi. Ga kurmi a bayan gari, ga 'yan wasa, ga kyamara a kowane aljihu. Ina fatan in ga ranar da yaranmu na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba za su yi fim ɗin ayari daga bakin mai ɗauke da kayan, da Hausarmu ta Zango.

Na ce wa yaran su mayar da fim ɗin baya zuwa wurin gada. Suka kalla, suka sake kallo. Ƙaramin nan mai birgima ya ɗago ya ce, "Baba, in dai Kwame ne, me ya sa ba ya yin Twi?" Na ce masa sunan daga nan aka ɗauka, harshen daga gabashin Afirka, dajin kuma wani a tsibiran Hawayi yake, wani a cikin ɗakin ɗaukar fim a Kalifoniya. Ya yi shiru yana kallon mangwaron da ke kansa. Aka kira magariba, mai wayar ya zura ta a aljihu, suka ruga wajen buta.