Naira da Sefa: Tarihin Harkar Kuɗi da Bankuna a Nijeriya da Nijar

A shekarar 1851, lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya sauka Kano, wuri ne kuɗin kasuwa, kuma ya rubuta cewa wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa guda. Bafataken da ya taso daga Kano zuwa Katsina, ko ya zarce Damagaram, ba ya neman mai yi masa canji a hanya, domin kuɗin da ke cikin jakarsa shi ake karɓa duk inda ya yada zango. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Rabuwar ta zo ne bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi sun ci Kano a 1903, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja layin da a yau ya zama iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Daga nan ƙasar Hausa ta shiga ƙarƙashin tsarin kuɗi biyu, kuma kowanne ya bi hanyarsa har fiye da shekara ɗari. Alƙaluman tattalin arziki suna ba da damar a auna abin da kowace hanya ta haifar.

Gadon mulkin mallaka

A kudancin iyaka, banki ya shigo ta bakin teku. A 1892 aka buɗe banki na farko a Legas, a 1894 kuma Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma ya gaje shi, wanda shi ne kakan First Bank na yau. A 1912 aka kafa hukumar da ke buga wa ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma kuɗi, aka ɗaure darajarsu da fam ɗin Ingila. A arewacin iyaka kuwa, Bankin Afirka ta Yamma da Faransa ta kafa a 1901 shi ke buga takardun kuɗi, sannan ranar 26 ga Disamba, 1945, aka ƙirƙiro sefa. Duka tsare-tsaren biyu an gina su ne don biyan haraji da sayen amfanin gonar da ake fitarwa Turai, musamman gyaɗa da auduga da fatu. Ba wa ɗan ƙasa rance bai kasance cikin manufarsu ba.

Harshen Hausa ya adana wannan tarihi. A Nijeriya an sami anini da kwabo da taro da sisi da sule da fam, kuma jaka ita ce fam ɗari. A Nijar tamma ita ce faran guda, dala faran biyar, jika kuma faran dubu, watau dala ɗari biyu. Shi ya sa har yau idan ɗan kasuwar Maraɗi ya ce "ashirin", sefa ɗari yake nufi, domin da dala yake lissafi.

Inda hanya ta rabu

Da 'yancin kai ya ƙarato, Nijeriya ta zaɓi ta riƙe ragamar kuɗinta. An zartar da dokar kafa Babban Bankin Nijeriya a 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959. Kasuwar hannun jari ta Legas ta fara ciniki a 1961. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira ta maye gurbin fam, naira biyu a kan fam ɗaya, abin da ya sa jaka ta koma naira 200 a bakin mutane. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa akasarin hannun jarin manyan bankunan Turawa ya koma hannun gwamnati da 'yan Nijeriya.

Nijar ta zaɓi tarayya. A 1962 ta sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗi ɗaya, wadda a yau take da ƙasashe takwas: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, wanda hedikwatarsa ta taso daga Paris ta koma Dakar a 1978. Sharuɗɗan a fili suke. Baitulmalin Faransa ya lamunce a canza sefa zuwa kuɗin Faransa a kan ƙayyadadden farashi, sefa 50 a kan faran ɗaya. Su kuma ƙasashen za su ajiye wani kaso na kuɗin waje da suka tara a Paris, kashi 65 cikin ɗari daga 1973, sannan kashi 50 daga 2005, kuma babu gwamnatin da ke da ikon sa a buga mata kuɗi yadda ta ga dama. Ba a sanar da janye sharaɗin ajiyar ba sai a Disambar 2019.

Shekarun yalwa da abin da ya biyo baya

Shekarun 1970 sun yi wa ƙasashen biyu daɗi, Nijeriya da man fetur, Nijar da yuraniyom ɗin Arlit. Bankuna suka yi ta ba da rance ga kamfanonin gwamnati da manyan 'yan kasuwa masu uwa a gindin murhu. Da farashin kayan biyu ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai asiri ya tonu.

A Nijar, Bankin Raya Jamhuriyar Nijar, BDRN, wanda aka kafa a 1961 kuma ya fi kowane banki girma a ƙasar, ya nutse cikin basussukan da ba a biya ba, har aka rushe shi a 1990, SONIBANK ta ɗauki abin da ya yi saura mai kyau. Irin wannan masifa ta sami bankuna da dama a sauran ƙasashen sefa, shi ya sa a wannan shekarar aka kafa hukuma ɗaya a Abidjan mai sa ido kan bankunan ƙasashen duka. Sai dai tunda farashin canji a ɗaure yake, matsin ya taru ba shi da mafita, har ranar 12 ga Janairu, 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya ya koma sefa 100. A wannan shekara farashin kaya a Nijar ya tashi da fiye da kashi 30 cikin ɗari. Tun daga lokacin ba a sake taɓa darajar ba. Da yuro ya zo a 1999 aka ɗaure ta da shi, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma a nan take har yau.

A Nijeriya gyaran ya ɗauki wata siga. Shirin garambawul na 1986 ya saki naira a kasuwa ya kuma sassauta ba da lasisi, bankuna suka ƙaru daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 cikin 'yan shekaru. Da yawansu ba su da wata sana'a sai sayen dala a farashin gwamnati su sayar a bayan fage. Hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995, kuma a Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka haɗe suka koma 25 a ƙarshen 2005. Girma bai hana ɓarna ba. A 2009 magajinsa, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna takwas, aka zuba naira biliyan 620 don kada su durƙushe. Duk da haka, daga wannan haɗaka ne aka sami manyan bankunan Nijeriya da a yau suke da rassa a ƙasashen Afirka da dama. Nijar kuwa bankunanta goma sha wani abu ne, kuma akasarinsu rassan manyan bankunan Maroko da na sauran ƙasashen yankin ne.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ma'auni na farko shi ne riƙe daraja, kuma a nan Nijar ce a gaba da nisa. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi a farashin gwamnati, watau sefa ɗari uku da wani abu. A ƙarshen 2024 sai mutum ya ba da kimanin naira 2,500 kafin ya sami jika guda. Hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, alhali BCEAO tana neman ta tsaya ne tsakanin kashi 1 da 3, kuma a galibin shekarun da suka biyo bayan 1994 Nijar ba ta yi nisa da wannan ba, sai a shekarun fari da tsadar hatsi. Ɗaya daga cikin dalilan bambancin shi ne bashin da gwamnati ke ci daga babban banki. Dokar Nijeriya ta taƙaita shi ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma zuwa 2023 ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7. Gwamnatin Yamai ba ta da irin wannan ƙofa.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya tsayar da nasa a kashi 27.5 cikin ɗari, BCEAO kuma a kashi 3.5. A kan takarda, ɗan kasuwar Damagaram ya fi na Kano samun rance mai sauƙi.

Ma'auni na uku shi ne yawan masu asusu, kuma a nan labarin ya juya. Binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na baligai a Nijeriya suna da asusu a banki ko ta wayar salula, a Nijar kuwa kimanin kashi 16. Rance mai sauƙi ba shi da amfani ga wanda bai taɓa shiga banki ba. Abin da ya cike gurbin a Nijar shi ne kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita, waɗanda shagunansu suka kai garuruwan da reshen banki bai taɓa zuwa ba.

Ma'auni na huɗu ya fi sauran nauyi, watau rancen da bankuna ke ba wa 'yan kasuwa da manoma da masu sana'a idan aka gwada shi da jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. A 'yan shekarun nan, a ƙasashen biyu yana yawo ne tsakanin kashi 10 da 15 cikin ɗari, alhali a Kenya yana wajen kashi 30. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200, mai manyan bankuna da kasuwar hannun jari, da Nijar mai kuɗin da ba ya zubewa, a nan suka haɗu. Dalilan ma sun yi kama. Banki ya gwammace ya sayi takardun bashin gwamnati, inda riba ke da tabbas, da ya ba manomin da ba shi da takardar mallakar gona kuma damina ce jarinsa. Akwai kuma ƙyamar kuɗin ruwa a tsakanin Musulmi, wadda bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suka taso don magancewa.

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya kuma suna ɓoye wani abu. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2020 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na baligan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 68. Ta wannan fuska, mutumin karkarar Katsina ya fi kusa da na karkarar Maraɗi fiye da na Legas. Dukkansu a dabba da hatsi suke ajiyar dukiya, adashi kuma shi ne bankinsu.

Farashin kowane zaɓi

Shekarar 2023 ta nuna wa kowace ƙasa raunin tsarinta. A watannin farko, canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mutane suka yi ta wuni a layi a bakin bankuna, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye. A watan Yuni aka saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya yi ajiya da naira ya wayi gari fiye da rabin darajarta ya tafi, ba tare da an taɓa masa ko kwabo ba.

Nijar ta gamu da nata bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Takunkumin da ƙasashen yankin suka ƙaƙaba ya sa BCEAO ta riƙe kuɗaɗen gwamnati, aka toshe hulɗar kuɗi da maƙwabta, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai cira, gwamnati ta kasa biyan basussukanta a kan lokaci, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Sefa ba ta faɗi ba, amma makullin taskar yana wani wuri. Duk da haka, ko da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ba ta fita daga tarayyar sefa ba, abin da ke nuna cewa rabuwa da kuɗi ta fi rabuwa da ƙungiyar siyasa wuya.

Mutanen bakin iyaka sun daɗe da sanin wannan. Lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin naira ta rufe iyaka a Afrilun 1984, abin ya haɗu da fari, kuma mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. Tun daga nan fatake suka koyi raba ƙafa, su sayi kaya da naira idan ta yi arha, su ajiye riba da sefa. 'Yan canjin Wapa a Kano da na Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni da Maraɗi su ne suka zama gadar da ke haɗa tsarin biyu, da amana da wayar salula, kuma farashin da suka yanka da safe shi ke tafiyar da cinikin shanu da wake da gero, ba wanda aka buga a Abuja ko Dakar ba. Akasarin wannan ciniki ba ya shiga alƙaluman kowane babban banki.

Muhawarar da ake yi a yau a Yamai kan ƙirƙiro sabon kuɗi, da umarnin da Babban Bankin Nijeriya ya bayar a Maris ɗin 2024 cewa manyan bankuna su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 500, duk ci gaba ne na zaɓin da aka yi a 1958 da 1962. Tarihin naira ya nuna abin da kan faru idan gwamnati ta mayar da babban banki aljihunta, na sefa kuma ya nuna abin da kan faru idan aka kulle taska daga waje. Ko wanne aka gyara, ma'aunin da zai tabbatar da an ci nasara shi ne na huɗu, ranar da mai sayar da hatsi a Dawanau ko mai noman albasa a Galmi zai iya cin bashin banki ya biya bayan kaka.