Yadda tukunyar ɗumama manyan gine-gine ke kunna wutarta mataki-mataki

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Amurka, Ingila da Jamus, asibitoci da makarantu da otal-otal sun dogara ne da babbar tukunyar ɗumama ruwa, wadda masu sana'ar ke kira boila. Tana ƙona iskar gas ko mai, ta dafa ruwa ko ta samar da tururi, bututu kuma su rarraba zafin a ɗakuna. Sai dai danna makunni kaɗai ba ya sa ta kama wuta. Akwai akwatin sarrafawa na lantarki, irin waɗanda kamfanonin Honeywell da Siemens da Fireye ke ƙerawa, wanda ba ya sakin gas sai ya samu shaidar cewa kowane mataki ya kammala.

Dalilin wannan tsanani guda ne. Idan gas ya taru a ɗakin ƙonawa ba tare da wuta ba, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa tukunyar.

Neman zafi da binciken farko

Aikin na farawa ne idan ma'aunin zafi ya ga ruwa ya huce, ko ƙarfin tururi ya sauka. Kafin saƙon ya isa akwatin sarrafawa, sai lantarki ya ratsa jerin makunnan kariya da aka jona ɗaya bayan ɗaya: mai lura da ƙarancin ruwa, mai lura da zafi ko tururin da ya wuce kima, da masu lura da ƙarfin gas. Idan ɗaya ya buɗe, da'irar ta yanke, komai ya tsaya cak. Akwatin kuma yana duba ko na'urar ganin wuta tana nuna wuta tun kafin a kunna, domin hakan alama ce ta lalacewa ko yoyon gas.

Share ɗakin ƙonawa

Daga nan fanka ke tashi. Wani makunni mai jin bugun iska zai tabbatar da cewa iska na shiga da gaske, domin injin fanka na iya ruri alhali bel ya tsinke. Ƙofar iska za ta buɗe sosai, a busa ɗakin ƙonawa da bututun hayaƙi har ragowar gas ya fice. Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce a sauya iskar ciki aƙalla sau 4, abin da kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 90 a tukwane da dama.

Tartsatsi da ƙaramar wuta

Bayan sharar, ƙofar iska ta koma ƙasa domin a kunna a hankali. Taransifoma ta ɗaga ƙarfin lantarki zuwa bolt 6,000 zuwa 10,000, tartsatsi ya tashi, bawul ɗin ƙaramar wuta ya buɗe. Yawanci daƙiƙa 10 kacal ake ba ta ta kama. Mai ba da shaida a nan ko dai sandar ƙarfe ce da ke cikin harshen wutar, wadda ɗan ƙaramin lantarki ke ratsawa idan wuta na ci, ko kuma idon lantarki mai ganin hasken da wutar ke fitarwa.

Babbar wuta

Sai an samu wannan shaida sannan manyan bawul-bawul na gas, galibi guda biyu a jere, su buɗe. Idan babbar wuta ta kama, tukunyar ta shiga aiki, tana ƙara ko rage wuta gwargwadon buƙata. Idan wutar ta mutu, akwatin zai rufe gas cikin daƙiƙa 4 ko ƙasa da haka, ya kulle kansa. Ba zai sake tashi ba sai mutum ya zo ya danna maɓallin sakewa da hannunsa.

Inda hatsarin yake

A ranar 1 ga Fabrairu, 1999, gas ya taru a cikin wata tukunya da ake kashewa domin gyara, a tashar lantarkin masana'antar Ford da ke Dearborn, jihar Michigan. Fashewar ta hallaka ma'aikata 6. Tukunyar ta fi ta ɗumama gini girma nesa ba kusa ba, amma musabbabin iri ɗaya ne.

Masu duba tukwane sun daɗe suna gargaɗi kan ɗabi'u biyu: danna maɓallin sakewa a kai a kai ba tare da gano abin da ya jawo kullewar ba, da kuma tsallake makunnin da ke damun mai aiki da 'yar guntuwar waya domin kada aiki ya tsaya.

A Najeriya ba a buƙatar ɗumama ɗakuna, amma masana'antu da manyan otal-otal da asibitoci na amfani da tukwanen tururi, kuma Dokar Masana'antu ta wajabta a riƙa duba su lokaci-lokaci. Ma'aikacin da ke tsaye kusa da irin wannan tukunya yana da haƙƙin sanin ranar da aka gwada makunnan kariyarta na ƙarshe, da kuma wanda ya sa hannu a takardar.