Daga Gyartai zuwa Mai Walda: Tarihin Gyaran Kayan Ɗaki a Ƙasar Kona

Idan salla ta rage kwanaki kaɗan, tsakar gidajen Kona da na ƙauyukan ƙasar Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, sukan cika da kayan ɗaki. A fito da gado a shanya shi a rana, a kwarara wa gaɓoɓinsa tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo. A sauke jere a wanke kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Kujerar da ƙafarta ta yi lako-lako a buga mata ƙusa. Abin da ya fi ƙarfin mutanen gida a aika yaro da shi wurin kafinta ko mai walda. A Turai da Amurka irin wannan aiki abin nishaɗi ne na ranar hutu, wanda ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har mujallar Time ta sa shi a bangonta cikin watan Agusta na 1954. A ƙasar Kona kuwa gyaran tsohon kaya ya girmi wancan yayi da nisa, kuma ba a taɓa ɗaukarsa wasa ba. Dalili shi ne kayan ɗaki dukiyar mace ne, gyaransu kuwa tsaron dukiya ne.

Ɗakin da

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa cikin watan Janairu na 1851, kafin ya bi ta Gazawa ya nufi Katsina da Kano, ya tarar da gari mai walwala, gidaje da danga da rumfunan shan inuwa. Abin da ke cikin ɗakunan wancan zamani kusan dukkansa daga gona da daji yake fitowa. Gado na kara ne ko na ƙirare, ko kuma na ƙasa wanda ake gina shi tare da ɗakin. Shimfiɗa tabarma ce, kuma a nan ƙasar ta yi sa'a, domin Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, daga kabar goriba ya samo sunansa, ita ce kuwa ake saƙa tabarma da faifai da igiya da ita. Tufafi a adudu suke. Masassaƙi da gizagonsa shi ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da ƴar kujerar tsuguno, yana zaɓen ice mai tauri irin su ƙirya. Adon ɗaki kuwa jeren ƙore ne, manya a ƙasa ƙanana a bisa.

Waɗannan kaya iri biyu ne ta fuskar gyara. Na kara da na kaba ba su da tsawon rai. Gara takan ci, damina takan ruɓar, sai a sabunta su bayan kaka, sa'ad da kara ya wadata. Na ice da na duma kuwa ba a yar da su. Ƙwarya in ta tsage akwai mai sana'arta, wato gyartai, wanda kan bi gida-gida ko ya zauna gefen kasuwa, ya huda gefen tsagar biyu da basilla, ya ɗinke ta tsaf har ta koma riƙe hatsi. In ta fashe ƙwarai, sakainar ma tana da amfaninta. Turmin da ya dare maƙeri kan yi masa ɗauri da ƙarfe. Akushi kuwa a riƙa shafa masa mai, ya yi baƙi ya yi sheƙi, uwa ta bar wa ƴa.

Babban rabon aikin yana hannun mata. Su ke daɓen ɗaki, su taru da maɗabai suna bugu, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa don daɓen ya yi ƙarfi. Su ke shafe bango da farar ƙasa, su ɗora ƙafafun gado bisa duwatsu don kada gara ta hau. Ba a kiran wannan sana'a, ba a kuma kiransa wasa. Yana cikin abin da ake auna tarbiyyar mace da shi.

Dalilin da ya sa ba a yarwa

A al'adar Hausawa, namiji shi ke ba da sadaki da muhalli, iyayen amarya kuwa, musamman uwa, su ke yin kayan ɗaki. Uwa takan fara tari tun ƴarta tana ƙarama, da kuɗin ƙuli-ƙuli ko fura ko ribar akuya, sannan ƴan'uwa da ƙawaye su kawo gudummawar biki, wadda bashi ce da za a rama wata rana. Masanin nan Guy Nicolas ya yi dogon nazari a kan wannan musayar kyauta a ƙasar Maraɗi, haka ma Barbara Cooper a littafinta na 1997 game da aure a Maraɗi, inda ta nuna yadda kayan aure suke bayyana darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta.

Abin lura shi ne mallaka. Kayan ɗaki na matar ne, ba na mijin ba, al'ada da shari'a duka sun tabbatar da haka. In aure ya mutu, danginta sukan zo su kwashe mata kayanta. In ciwo ya kama yaro ko rumbu ya ƙare, tana iya zare kwano biyu daga jere ta ba dillaliya ta kai kasuwa. Ga macen ƙauye wadda ba ta da ajiya a banki, ɗakinta shi ne asusunta. Kayan da aka kula da su suna riƙe kuɗinsu. Waɗanda aka bari suka lalace kuwa asara ce tsagwaronta. Kuma ba abin kunya ba ne uwa ta ɗauki gadon aurenta ta sa a gyara shi ya shiga ɗakin ƴarta ta fari.

Zamanin gyaɗa da gadon ƙarfe

Sojojin Faransa sun ratsa wannan ƙasa a 1899, shekarar da ayarin Voulet da Chanoine ya wargaje a Maijirgi, kusa da Tasawa. Amma abin da ya sauya cikin ɗaki ba bindiga ba ce, kuɗi ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haraji ya koma na tsabar kuɗi, gyaɗa ta zama amfanin sayarwa. A 1927 aka ɗauke mazaunin mulkin yankin daga Tasawa aka mayar Maraɗi, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka riƙa sayen amfanin gona suna sayar da kayan kanti. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, kuma shekarun 1960 su ne ganiyar wannan ciniki.

Kuɗin gyaɗa su suka shigo da kwanon sha da langa da fanteka masu fenti, suka ture ƙore daga jere. Da fari daga Turai da Hong Kong ake kawo su, daga baya masana'antun Nijeriya suka kama yin su. Akwatin ƙarfe ya maye gurbin adudu. Gadon ƙarfe, musamman mai rumfa, ya zama burin kowace amarya, sunan kamfanin Vono na Legas ya shahara a kansa, katifar soso ta Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, ta kori katifar rimi da ta ciyawa. Mafi yawan waɗannan kaya ta Kano da Katsina suke biyowa, a motocin alhazan Maraɗi ko a kan ƴan cin rani masu komowa gida.

Sabbin kayan sun rage wa gyartai kasuwa, amma ba su kashe gyara ba, sai ma suka haifi sabbin masu yinsa. Kwanon da ya huje ana like shi da dalma. Gadon ƙarfe kuwa kusan ba ya mutuwa: in ya yi tsatsa a kankare shi a shafa fenti, in ƙafa ta karye a yi walda, in wayarsa ta saki a ja ta ko a saƙa masa igiya. Gado guda yana iya ganin aure uku, na kaka da na uwa da na jika.

Shekarun tsanani

Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya wancan arziki. Yunwar 1984 da 1985 ta zo daidai da rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, abin da ya sa mutanen ƙasar Maraɗi suka laƙaba mata sunan Buhari. A irin waɗannan shekaru ne amfanin ɗaki yake fitowa fili. Gida kan fara sayar da awaki, sannan kwanuka, sannan gado, kafin a kai ga jinginar da gona. Haka aka sake gani a matsalar abinci ta 2005. Kayan da suka fita daga ƙauye ta wannan hanya su suke cika rumfunan ƴan gwanjo, inda ake gyara su a sayar wa wata uwar da ke haɗa kayan ƴarta. Kasuwar tsohon kaya, ashe, ba daga Turai ta faro ba. Daga ɗakunan matan da wahala ta taɓa ta faro.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada. Mutane suka ƙara raja'a ga gwanjo, musamman kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da kuma ga masu sarrafa tsohon abu ya koma sabo. Kasuwar Katako ta Yamai ita ce babban misali, inda ake buɗe tsohuwar ganga a yi akwati, a narka sanholo a zuba tukunya. A garuruwan jihar Maraɗi ma haka abin yake, gwargwadon ƙarfinsu.

Ice shi ma ya yi wuya. Faɗaɗa gonaki da fari sun cinye daji, har masassaƙi ya rasa ƙirya mai kaurin turmi a kusa. Sassaben zamani, wato barin tsiron kututture ya girma cikin gona, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi tun 1983, ya mayar da itatuwa a kan fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Sai dai yawancinsu gawo ne da kalgo da sabara, masu ba da makamashi da ƙirare da abincin dabbobi. Katakon kafinta daga kudu ake kawo shi, shi ya sa ko guntun tsohuwar ƙofa ba ya zama shara. Gobe benci ne.

A cikin shekarun 1990 ne kuma fada ta samari ta yaɗu a Nijar, tare da kujerarta ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba. Wannan ita ce ta fi kusa da gyara na nishaɗi: in igiyar ta tsinke, samarin da kansu sukan sayo sabuwa mai launi-launi, su zauna bakin shayi su sake saƙa ta, kowa yana nuna gwanintarsa.

Kayan da ba sa karɓar gyara

Daga ƙarshen ƙarni na 20 yayi ya juya zuwa gadon katako mai fomeka, da kabad mai gilashi, da kujerun kushin, daga baya kuma kayan da ake yi da matsattsen garin katako, masu sheƙi a ido. A nan ne tarihin ya ɗauki wata hanya. Irin wannan katako in ya sha ruwan ɗigon soro sai ya kumbura ya ruguje. In aka zare ƙusa daga jikinsa ba ya sake riƙe ta. In aka kwance shi aka ɗora a amalanke sau ɗaya ko biyu, ya gama yawo. Kujerar roba zubin masana'anta ma in rana ta gasa ta ta karye, ɗinkin waya kawai ake yi mata na ɗan lokaci. Dillaliya ta san wannan sarai: tana karɓar tsohon gadon ƙarfe da daraja, amma kabad ɗin da aka saya da tsada bara sai ta taya shi da wulaƙanci.

Hasarar ta zo a lokacin da mata suka fi bukatar abin riƙewa. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda ƙarancin fili a kudancin jihar Maraɗi yake raba mata da gamana, wato ƴar gonar da miji kan yanka wa matarsa. Macen da ba ta da gamana, abin da ya rage mata shi ne akuya da ɗaki. In ɗakin ya cika da kayan da ba sa gyaruwa, ba sa sayuwa, to uwa ta ci bashi ta saya wa ƴarta ado, ba ta saya mata dukiya ba. Rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya toshe hanyar Kwatano, sun sake tuna wa mutane cewa sabon kaya ba kullum yake zuwa ba.

Abin mamaki, ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan yi-amfani-ka-yar su ne suka juyo neman gyara: a 2009 aka buɗe zauren gyara na farko da ake kira Repair Café a Amsterdam, a 2020 kuma Faransa ta yi dokar yaƙi da almubazzaranci da kaya. Abin da suke ƙoƙarin farfaɗowa bai mutu ba tukuna a Kona. Akwai maƙeri, akwai mai walda, akwai tsohuwar da ta san yadda ake jiƙa makuba. Tambayar da kakanni kan yi kafin a sa abu a ɗakin amarya ita ce ko zai gyaru in ya lalace, ko zai sayu in rana ta ɓaci. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma uwar da ta sa aka fente gadon ƙarfenta ta kai ɗakin ƴarta ta ba ta abin da za ta iya jingina da shi ranar da rumbu ya ƙare.