Doki da bindiga mai ruwa: inda Haɗeja da Ingila suka zuba dukiyar yaƙi

Duk watan Afrilu sai an tayar da zancen yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906, kuma kullum a kan mari ake tsayawa: wai marin da aka sharara wa ɗan aiken Bature ne ya jawo wa garin wuta. An yi marin, in ji masu ba da labari, amma ni ban ɗauke shi a matsayin dalili ba. A watan Fabrairun shekarar mutanen Satiru suka kashe Turawa a kusa da Sakkwato, Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, kuwa yana neman inda zai nuna ƙarfi. Ko ba mari da sai ya zo.

Abin dubawa shi ne inda kowane ɓangare ya daɗe yana zuba dukiyarsa.

Haɗejar wancan zamani ba ta da kasafin kuɗi a takarda, nata kasafin yana ɗaure a turke. Fadamar kogi ta ba ta ciyawa da dawa da kifi, sarauta kuma ta juya wannan arziki zuwa dawaki, sulke, lifidi da gyaran ganuwa. Ingarman yaƙi guda kan ci kuɗin bayi da dama, ga ɗan barga, ga harawa, ga kanwa. Ba wanda ya kai Sarki Buhari ɗan Sambo sanin wannan lissafi. Da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850 saboda kisan Sarkin Auyo, ya naɗa Ahmadu ɗan'uwan Buhari, shi Buhari bai yi dogon musu ba. Ya janye ya tara mayaƙa, ya dawo ya ƙwace gadonsa. Sakkwato ta haɗo masa rundunar masarautu, har da Kano, aka yi Gamon Kafur, taron ya watse, aka bar masa dawaki da kayan yaƙi. Wato ganima ce ke biyan yaƙi na gaba. Haka ya ci gaba har ya rasa ransa a yaƙin Bade a 1863, ba tare da ya sake miƙa wuya ba.

Ingila kuwa wata hanya ta bi. Tun 1897 ta kafa rundunarta ta Afirka ta Yamma: soja mai albashi, mai fareti kullum, da bindiga mai ruwa da igwa. Harajin da Lugga ke tarawa a Arewa bai isa ya riƙe ta ba, baitulmalin Landan ne ke aiko da ɗaruruwan dubban fam duk shekara, soja kuma su ke cin kaso mafi tsoka. Abin takaici, yawancin masu riƙe da bindigogin Hausawa ne da Yarbawa.

A ƙarshen Afrilun 1906 Kanar Lowry Cole ya iso da sojoji ɗaruruwa. Mahayan Haɗeja suka fito da lifidin da ke tare kibiya, harsashi bai san da shi ba. Duk da haka sai da aka yi sa'o'i ana gwabzawa lungu-lungu har ƙofar fada, inda Sarki Muhammadu ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa, aka riƙa ce masa Mai Shahada. A ɓangaren Turawa kuwa, Kyaftin Phillips, wanda Haɗejawa ke kira Mai Tumbi, bai ga ƙarshen shekarar ba. Kabarinsa na nan a Haɗeja.