Amsa-kuwwar da ke Riga Murya Isowa

A bisa al'ada amsa-kuwwa bayan murya take zuwa, kamar yadda 'yan amshin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato suke jira jagora ya dire ɗan waƙarsa kafin su karɓa. Sai dai mai kasa kunne ga waƙoƙin zamani da ke yawo a wayoyin matasan Tambuwal da Kebbe yana iya jin wani hucin sauti da ke tasowa a hankali, yana kumbura, har ya faɗa cikin kalmar farko ta mawaƙi. Masu haɗa sauti a situdiyo suna kiran amsa-kuwwa eko, wannan kuwa juyayyen eko ne, kuma har yau ba a daina jayayya kan wanda ya ƙago shi ba.

Tun a 1948 Pierre Schaeffer yake kunna faifai da baya a gidan rediyon Faransa, sannan a 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wata na'ura mai nauyin kusan kilo 270 ɗauke da faffaɗan farantin ƙarfe, wanda girgizarsa ke samar da eko ba tare da an nemi babban zaure ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa dabarun biyu.

Jimmy Page, makaɗin jita ɗan Ingila, ya daɗe yana cewa shi ya fara haɗa su a 1967, lokacin da ƙungiyarsu ta Yardbirds ke ɗaukar waƙar "Ten Little Indians", kuma ya maimaita dabarar a "You Shook Me" da ke kundin farko na sabuwar ƙungiyarsa Led Zeppelin, wanda ya fito a 1969. A ruwayarsa, injiniya Glyn Johns ya yi gardamar cewa abin ba zai yiwu ba. Labarin yana da daɗin ji, amma da rami a cikinsa, domin an ji irin wannan sauti a wani faifan mawaƙi Lee Mallory da Curt Boettcher ya shirya a Amurka tun 1966, shekarar da mawaƙan Beatles suka saka juyayyiyar murya a ƙarshen waƙarsu "Rain". Bayanin da ya fi kama hankali shi ne tef ɗin kansa ne malamin: zare ne mai farko da ƙarshe, kuma duk wanda ya taɓa ɗora shi a juye ya riga ya ji rabin sirrin. Ana kifa faifan zaren, a kunna murya da baya, a tura ta cikin farantin eko, a ɗauki ekon a layin da ba kowa, sannan a mayar da zaren daidai, sai wutsiyar sautin ta koma goshi. Haƙƙin Page shi ne na wanda ya yayata, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Ƙasar Hausa ba ta bi ta wannan doguwar hanya ba. Waƙoƙin finafinan Kano sun ginu ne a kan fiyanon Yamaha, musamman bayan fim ɗin Sangaya, daga nan aiki ya koma kwamfuta, inda manhajoji irin su Cubase da FL Studio, wadda aka san ta da FruityLoops kafin 2003, suka maye gurbin zare. Duk da haka matakan ba su canza ba: a yanko gaɓar farko ta baiti, a juya ta, a zuba mata eko mai doguwar wutsiya, a naɗe sakamakon, a sake juya shi, a ja shi har ƙarshensa ya haɗu da bakin kalmar.

Akwai maɓallin gaggawa da wasu na'urori suka zo da shi tun shekarun 1980, irin su Yamaha SPX90, amma kwaikwayo ne kawai, domin na'ura ba ta iya jin muryar da ba a riga an furta ba, don haka kumburin nata bayan sauti yake zuwa. Hanyar hannu ce ta gaskiya, kuma a waƙar Hausa ta fi bukatar kula, tun da karin sauti da tsawon wasali ne ke raba ma'anar kalmomi, ga shi kuma kumburin a kan gaɓar farko yake sauka. Idan ya yi ƙarfi sai ya haɗiye ta, shi ya sa ƙwararren mai haɗa sauti yake rage shi sosai, ya datse shi daidai inda mawaƙi ya buɗe baki.