Manhajar ƙirga da bibiyar ƙwayoyin jini: wacce ta dace da ɗakin gwaji a Agadez?

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro a babban asibitin Agadez ya san abin da ma'aikata ke kira goutte épaisse: ɗigon jini a kan gilashi, a rina shi da launin Giemsa, a duba a madubin likita. Tun da Alphonse Laveran ya gano ƙwayar cutar a birnin Constantine na Aljeriya a 1880, ido ne ke wannan aiki. Ma'aikaci yakan ƙirga ƙwayoyin cutar da ya gani har ya cika fararen ƙwayoyin jini 200, sannan ya ninka adadin sau 40. Idan ya ga 50, ke nan akwai kusan 2000 a kowace mikrolita ta jini. Aiki ne mai gajiyar da ido, musamman bayan damina idan marasa lafiya sun yi yawa.

Yanzu ana haɗa kyamara da madubin, hoto ya shiga kwamfuta, manhaja ta yi lissafin. Sai dai kafin zaɓe, dole mai bincike ya san abin da yake nema: ƙirga ko bibiya.

Ƙirga ta fi sauƙi, domin jinin da ke kan gilashi ya bushe, ba ya motsi. A nan ImageJ ta wadatar. Wayne Rasband ne ya fitar da ita a 1997 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, kuma kyauta ce. Yawancin masu bincike suna ɗaukar Fiji, wato ImageJ ɗin da aka riga aka haɗa mata kayan aiki. Ana iya kwafe ta a kile, ta yi aiki ba tare da intanet ba, abin da ɗalibin jami'ar Agadez, wadda aka kafa a 2014, ba zai raina ba. Idan hotunan sun kai ɗaruruwa, CellProfiler ta cibiyar Broad a Amurka ta fi dacewa: sau ɗaya ake tsara mata matakan aiki, ta maimaita su a kan kowane hoto.

Bibiya kuwa wani abu ne daban. Ƙwayoyin suna da rai, ana ɗaukar hotonsu bi da bi kamar fim. Da irin wannan hanya masu bincike na cibiyar Pasteur ta Paris suka nuna a 2006 yadda ƙwayar maleriya ke rarrafe a cikin fatar ɓera bayan cizon sauro, kafin ta samu jijiyar jini. Manhaja tana aiki biyu: ta gane kowace ƙwaya a hoto, sannan ta yanke cewa wannan ɗin ita ce waccan ta hoton baya. A mataki na biyu ake yawan kuskure. Ƙwayoyi biyu su gamu, ko ɗaya ta rabu biyu, sai manhaja ta musanya su, lissafin sauri da nisan tafiya ya lalace ba tare da kowa ya lura ba. TrackMate, wadda Jean-Yves Tinevez na Pasteur ya jagoranci rubutawa, tana cikin Fiji, kuma babban amfaninta shi ne tana barin mutum ya ga layin kowace ƙwaya ya gyara da hannu. Akwai ta kuɗi irin su Imaris, mai ƙarfi wajen hoto mai zurfi uku, amma lasisinta da kwamfutar da take buƙata sun fi ƙarfin ƙaramin ɗakin gwaji.

Abin da aka fi mantawa shi ne hoton kansa. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, ɗigon ƙura ko dattin rini a kan gilashi na iya kama da ƙwayar cuta. Gogaggen ma'aikaci zai gane, manhaja kuwa za ta ƙirga shi. Haka hoton da aka tura ta WhatsApp: an matse shi, ƙananan alamomi sun ɓace. Shi ya sa ake fara gwada kowace manhaja da hotuna kaɗan da mutum ya riga ya ƙirga da ido, a kwatanta. Ga kuma batun harshe: da Ingilishi aka rubuta umarninsu, wanda ya yi karatu da Faransanci sai ya ɗan sha wuya a makonnin farko.

Waɗannan manhajoji na bincike ne, irin wanda ake yi a cibiyar CERMES ta Yamai ko a jami'o'i. Ba a tantance su don yanke wa majinyaci magani ba. Sakamakon da ake miƙa wa uwar yaro mai zazzaɓi har yanzu yana buƙatar ido da sa hannun ma'aikacin ɗakin gwaji.