Haskaka Cikin Ɗaki a Zanen Kwamfuta

Haskaka cikin ɗaki wani fanni ne na zanen kwamfuta mai siffar 3D, inda ake tsara haske a ɗakin da aka zana domin mai kallo ya ji yanayin wurin, ko na safiya, ko na tsakar rana, ko na dare. Masu zanen gine-gine da masu shirya fina-finai da masu ƙera wasannin bidiyo duk suna amfani da shi.

Tarihi

Manhajojin farko hasken da ya fito kai tsaye daga fitila kawai suke lissafawa, alhali yawancin hasken cikin ɗaki daga bango da daɓe da rufi yake dawowa. A shekarar 1980, Turner Whitted ya wallafa hanyar bin sawun haske, wadda ta inganta inuwa da madubi da gilashi. A 1984, masu bincike a Jami'ar Cornell da ke Amurka suka fito da hanyar radiyositi, mai lissafa yadda bango ke mayar wa bango haske. Sun gwada ta da wani akwati mai bangaye masu launi, wanda ake kira Akwatin Cornell. A 1986, James Kajiya ya tattara lissafin a ƙa'ida guda. A kanta injin Cycles na manhajar Blender, wanda ya fito a 2011, yake aiki.

Abubuwan da ke samar da yanayi

Na farko shi ne launin haske, wanda ake aunawa da kelbin. Harshen kyandir yana kusan 1,900, ƙwan lantarki mai zare kusan 2,700, hasken rana kuwa tsakanin 5,500 da 6,500. Ƙaramar lamba tana ba da haske mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi. Na biyu shi ne girman tushen hasken: ƙaramar fitila tana fitar da inuwa mai kaifi, faffaɗar taga kuma mai laushi. Na uku shi ne nisa, domin idan tazarar fitila ta ninka biyu, ƙarfin haskenta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Misalin ɗakin Hausa

Zaure ko soron laka, irin na garuruwan Zamfara kamar Talata Mafara da Bakura da Maradun, yana da bango mai kauri da ƙananan tagogi. Haske ta ƙofa yake shigowa, ya sauka a daɓe, sannan ya bazu, jar ƙasar bangon kuma ta rina shi. Idan mai zane ya cika ɗakin da farin haske ta ko'ina, zauren zai yi kama da ofis, kuma zanen jikin bango da lanƙwasar bakan gizo ba za su fito ba, domin hasken gefe ne ke bayyana su.

Irin wannan ɗaki yana wahalar da kwamfuta, saboda kaɗan ne daga cikin sawun hasken ke dacewa da ƙaramar ƙofa, sai hoton ya fito da ɗige-ɗige. Ana magance hakan ta ƙara yawan lissafi, ko nuna wa manhajar inda ƙofar take, ko amfani da matacin ɗige-ɗige.

Muhimmanci

Yayin da siminti da kwano ke maye gurbin ginin laka, zanen 3D na iya adana kamannin tsofaffin gine-gine, amma sai an daidaita hasken kafin mai kallo ya san yadda zama a cikinsu yake.